Rabin Wayar da Ba a Kankare Ba

Batsari,
Ranar Asabar, tsakiyar damina.

Zuwa ga ɗana Abdulkahar, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da addu'ar alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Shafa'atu da yara. Yaya aiki, yaya haƙuri da zaman nesa, yaya kuma ruwan nan naku na kudu da kake cewa ba ya ɗaukewa? Allah Ya ƙara maku lafiya, Ya sa albarka a neman da kake yi, Ya tsare ku daga sharrin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya sa mu gana da alheri. Mu nan sai godiyar Allah. Gwiwoyina suna nan yadda ka bar su, in hadari zai haɗo su ke fara sanar da ni tun kafin a ji iska. Masallacin unguwa ina zuwa da sandata, na Juma'a kuwa sai an ɗora ni a babur. Maganin hawan jinin da ka aiko ina sha, ba don ina tunawa da shi ba, sai don ɗiyarka Mahbuba ba ta ba ni kunu sai na haɗiye shi a gabanta.

Damina ta yi kyau bana. Waɗanda suka zo daga Karare ranar kasuwa sun ce gero ya kai ƙugu a gonakin bakin gari, gyaɗa ma ta rufe ƙasa. Gonarmu ta nesa kuwa bana ma ba a taɓa ta ba, shekara ta uku ke nan, domin ba mai yarda ya yi nisa da gari, ni kuma ba zan ce wa ɗan wani ya je ba. Gwaggonka Ramlat ta baro Runka, tana Safana wurin ɗanta Umar Faruk, ta aiko da gaisuwa da ɗan ƙullin daddawa. A watan nan ne mahaifiyarka ta cika shekara biyu da rasuwa, Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Har yanzu nakan juya in gaya mata wani abu, sai in ga tabarma kawai.

Za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani na waya. Ka san kunnena na hagu ya tafi, na dama ma yana shirin bin sa, kuma duk lokacin da ka kira Mahbuba ce ke kara mani wayar a kunne, tana maimaita mani abin da ban ji ba. Maganar da ke bakina ba wadda zan iya faɗa tana riƙe da wayar ba ce. Saboda haka na nemo biro da littafin rubutu, zan ba Haliru direba, wanda ke ɗaukar hatsi zuwa wajenku, ya kawo maka hannu da hannu. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna rawa yake yi. Da can har kwatance ake yi da rubutuna.

Maganar makarantar kwana ce. Kamar yadda malaminsu na fiziks, Malam Abdurrahim, ya gaya maka ta waya, akwai wata ƙungiya da ke ɗaukar nauyin 'yan mata su ƙarasa sakandare a makarantar kimiyya ta kwana a Katsina, kuma gurbi biyu aka ba makarantarsu. Yara shida suka ci jarrabawar farko, Mahbuba na cikinsu. Abin da ya rage shi ne kowace ta haɗa wani abu da hannunta, ta kawo ya yi aiki a gaban malamai, ta kuma yi bayanin dalilin da ya sa yake yi. Kai kuma ka ce wa malamin duk abin da Baba ya ce shi ke nan, tunda don ta kula da ni ka kawo ta nan bayan rasuwar mahaifiyarka. Na san ladabi ka yi. Amma ka ɗora mani kaya mai nauyi, kuma ina so ka ji yadda na ɗauke shi, domin ban ɗauke shi da kyau ba.

Abin da ta zaɓa shi ne ƙaramin injin lantarki, irin wanda ke juya fanka, amma ɗan mitsitsi. Da ta faɗa na ɗauka za a nemo ƙarafa da walda. Ashe tarkace ne. Ta samo guntun katako, da batir babba na tocila, da fil biyu masu kulle irin waɗanda mata ke maƙale mayafi da su, da igiyar roba da ta yanko daga tsohon tub ɗin keke. Wayar jan ƙarfe siririya kuma mai gyaran fanka na bakin kasuwa ya ba ta, daga cikin wata fanka da ta ƙone. Sai maganaɗisu ya rage. Ta zo ta tsuguna a gabana tana murmushi, ta ce Tsoho, ka san haka take kira na, rediyon nan naka da ya mutu tun bara, har yaushe za a ci gaba da yi masa zaman makoki? Rediyon da na saya shekarar da aka haife ka take nufi. Na ce ta ɗauka. Ina kallo ta kwance shi, ta ciro wani baƙin ƙarfe mai nauyi daga bayan sifika, ta ce wannan kaɗai take so. Shekara arba'in da wani abu ina jin labaran duniya ta cikinsa, ban taɓa sanin akwai maganaɗisu a ciki ba.

Ta naɗa wayar a jikin batir har zagaye ashirin, ta zare ta, sai ga ta kamar zobe, da wutsiya ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Ta kwantar da batir a kan katako, ta ɗaure fil ɗaya a kansa, ɗaya a gindinsa, idanun fil ɗin suna sama. Maganaɗisu zai zauna a kan batir, zoben kuma zai rataya a samansa, wutsiyoyinsa biyu cikin idanun fil. Wai in an yi haka zoben zai riƙa juyawa shi kaɗai. Na tambaye ta wa zai juya shi. Ta ce wuta in ta bi ta cikin waya, wayar ma zama take maganaɗisu, sai su biyun su riƙa ture juna kamar raguna. Na ce ni maganaɗisun da na sani shi ne wanda muke tsintar allura da shi a cikin yashi. Ta yi dariya ta ce ai kimiyyarmu ta da ba ta wuce shuka wake a cikin kwalba ba. Ban yi musu ba, domin waken mun shuka, kuma ya tsiro.

Ranar Litinin da ta wuce ta gama komai, batir sabo kawai ya rage, ta ce za ta biyo da shi in ta taso Islamiyya. Ta ajiye katakon a kan kujerar tsakar gida, ta ce in kula kada kaji su hau. Bayan la'asar na zauna ina gadi. Ka san zama shiru, ido sai ya nemi abin yi. Na sa tabarau na ɗauki zoben ina juya shi. Wayar tana da wani siririn fenti mai ƙyalli a jikinta, wanda ta ce sai an kankare shi a wutsiyoyin kafin wuta ta shiga. Wutsiyar dama ta kankare ta fes, ko'ina jan ƙarfe na sheƙi. Da na duba ta hagu sai na ga gefe ɗaya ne kawai a kankare, ɗaya gefen fentinsa na nan daram. Na ce a raina, yaran yanzu ke nan, sauri ya sa ta bar aiki rabi.

Ka tuna labarin Malam Daudu da nake ba ku, wanda ya koya mana aikin hannu a elementare. In ka sassaƙa kujera ka kai masa, ba ya duba samanta. Kifa ta yake yi, ya bi ƙarƙashinta da babban yatsa, inda ba mai gani, in ya ji kaushi sai rula ta sauka a bayan hannunka. Abin da ya sa mani a jiki ke nan, shi na koya wa yara shekara talatin da biyar a Runka da Safana da Karare, kai ma ka sha shi a hannuna ranar da ka fere ƙotar fartanya gefe ɗaya ka ce ka gama. To, na ɗauko rezar da nake feƙe fensir da ita, na kwantar da wayar a kan gwiwata, na kankare ragowar fentin a hankali, har wutsiyar hagu ta yi sheƙi kamar 'yar'uwarta. Na mayar da zoben inda yake. Wallahi, Abdulkahar, daɗi na ji. Na daɗe ban yi wani aiki da hannuna ya yi kyau haka ba. Ban gaya mata ba, na ce bari abin ya juya tukuna, sannan in ce mata da sa hannun Tsoho a ciki.

Ta dawo da batir kafin magariba, ko hijabi ba ta cire ba ta haɗa. Ta ɗan taɓa zoben da yatsa. Ya yi kamar zai juya, ya dawo, ya yi rawa kamar mai jin sanyi, ya tsaya. Ta sake taɓawa, haka. Ta yi ta taɓawa har batir ya ɗauki zafi. Ni a lokacin ko kusa ban kawo cewa ni ne ba. Na ce mata wataƙila rediyon ya tsufa, maganaɗisunsa ya gaji kamar mai shi.

Ranar Talata da ta dawo makaranta ko abinci ba ta ci ba. Ta sake batir. Ta miƙar da fil, ta lanƙwasa, ta sake miƙarwa. Ta kifa maganaɗisun, ta matso da shi, ta nisanta shi. Daga baya ta buɗe littafinta tana bin abubuwan ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, kamar mai tilawa, ina zaune kusa da ita ta wajen kunnena mai ji. Zagaye ashirin, ta yi. Zobe ya daidaita, ta yi. Wutsiya ɗaya a kankare duka, ɗaya kuma rabi kawai, kada a kuskura a kankare ɗaya rabin, wannan ma ta yi, da hannunta ta yi, don haka ba ma sai ta duba ba. Ta wuce zuwa na gaba. Ni kuwa a nan na tsaya. Sai na ji kamar an zuba mani ruwan randa a baya.

Nan ne inda nake so ka karanta a hankali. Kankarewar kuskure ce, Allah Ya sani. Amma daga la'asar ɗin Talata zuwa la'asar ɗin Laraba na san abin da ya hana injin nan juyawa, na san ranar Alhamis za a kai shi gaban malamai, kuma na yi shiru. Na buɗe baki ya fi sau biyar, sai in ji ina tambayarta ko an ba akuya ruwa. Na yi ta kawo wa kaina dalilai. Na ce hanyar Katsina ba lafiya gare ta ba, kuma gaskiya ne. Na ce yarinya ce ƙarama, makarantar nan ta gari ma makaranta ce. Na ce in rabonta ne za ta gano da kanta, in ba ta gano ba to Allah bai nufa ba. Na jingina wa ƙaddara abin da rezata ta yi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da safen Laraba na sha kunu kofi biyu, ni da ɗaya ma ba na gamawa. Raina a sake yake. Na duba cikin zuciyata in ga ko baƙin ciki ne a ciki, sai na tarar ba shi ba ne.

Har yanzu akwai abin da ban warware ba. Daga baya ta ce mani tun ranar farko ta karanta mani maganar rabin nan daga littafinta, ina zaune, har na gyaɗa kai. Ni ban tuna ba. Ko ta wajen mataccen kunnen ta zauna, ko na ji na manta, ko kuwa na ji wani sashe na zuciyata ya ɓoye ya ajiye har ranar da reza ta zo hannuna, ban sani ba. Na yi ta juya abin. Mutum ya kai shekara tamanin bai san abin da hannunsa ke nufi ba. In na ce maka na tabbata da niyya mai kyau na yi, ban yi ƙarya ba. In na ce maka ina shakka, nan ma ban yi ƙarya ba.

Da la'asar ɗin Laraba ta ɗauki katakon ta tura shi ƙarƙashin gado. Ta fito da tire ta zauna tana tsinkar zogale. Ta ce shi ke nan, ba za ta kai shi gobe a yi mata dariya ba, za ta ce wa Malam Abdurrahim a ba wata gurbin. Sai ta ɗago ta dube ni tana murmushi, ta ce dama in ta tafi wa zai riƙa nemo wa Tsoho tabaransa alhali yana kan goshinsa. Ta yi dariya, ni ma na so in yi. Amma na ga ganyen da take tsinka tana zubar da shi ƙasa, itacen take sawa a tire, ba ta ma sani ba. A nan na kasa. Na ce ta ɗauko katakon. Ban iya duban fuskarta ba, yatsun ƙafata na duba na gaya mata abin da na yi.

Ta zare zoben ta ɗaga shi wajen haske, ta juya wutsiyar hagu a tsakanin yatsunta. Ta ce innalillahi, Tsoho, wa ya aike ka? Na ce Malam Daudu, wanda ya rasu tun kafin a haifi ubanta. Ta fara dariya har da riƙe ciki, ta ce kwana biyu tana zargin rediyo bawan Allah ashe mai rediyon ne. Da maganar ta tsaya nan da na ji sauƙi. Amma ɗiyarka ba ta da wauta. Dariyar ta tsaya, ta tambaye ni yaushe na gane cewa shi ne matsalar. Ina iya cewa yanzun nan, ba wanda zai ƙaryata ni. Na ce tun jiya. Ta tashi ta shiga madafi, na ji tana wanke tukwanen da ta riga ta wanke tun da rana.

Da ta fito, reza ce a hannunta. Ta kwance wutsiyar hagu, ta warware zagaye ɗaya daga jikin zoben, ta yanke inda na ɓata, sai ga sabuwar wutsiya da fentinta. Zagaye ya koma goma sha tara. Ta tsayar da zoben a bakin katako, wutsiyar a kwance, ta danne da yatsa, ta miƙo mani rezar. Ta ce tunda Malam ya iya kankara, bismilla, saman kawai, kada a taɓa ƙasan. Malam ta ce, Abdulkahar, kamar yadda baƙi ke kira na. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Na karɓa, na kankare saman. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamarsa ba, domin da na gama sai na ji yatsuna suna neman juya wayar su ƙarasa, sai da na ajiye rezar na tura hannuna ƙarƙashin cinya.

Ta mayar da zoben cikin idanun fil, ta ɗan ture shi da yatsa, ta janye hannunta. Ya juya. Ya ci gaba da juyawa, har ya daina kama da zobe ya koma kamar ƙwallo na haske, yana wata 'yar ƙara kamar ƙudan zuma a cikin kwano. Ba wanda ke taɓa shi. Na ce subhanallahi. Kaji ma sai da suka matso. Na roƙe ta ta gaya mani yadda aka yi rabin aiki ya fi cikakke. Ta ce wuta na tura zoben ne rabin zagaye kawai, in ya kife kuma wutar ba ta yanke ba, sai ta dawo da shi inda ya fito, shi ya sa nawa yake ta rawa wuri ɗaya. Fentin da aka bari shi ke yanke wutar daidai lokacin, sai zoben ya wuce da ƙarfin gudunsa, ya zagayo, a sake tura shi. Ta ce kamar lilo ne, turawa ake yi a saki, ba a bin sa da hannu. Na rubuta maka yadda ta faɗa. Ban ce na gane ba. Ni dai abin da na sani, shekara talatin da biyar ina dukan 'ya'yan mutane a kan aikin da aka bari rabi, yau jikata ta nuna mani wanda in ba a bar shi rabi ba ba ya yi. Ban san me zan ce wa waɗancan yaran ba in mun haɗu.

Ranar Alhamis da safe ta durƙusa ta ce Malam ina kwana, ta ba ni magani da kunu, ta sa injin a kwalin sabulu ta tafi. Yinin nan ban ji ɗuriyar kowa ba sai kaji. Na ce wa kaina, to, ga yadda gidan zai zama, ka ɗanɗana. Bai yi mani daɗi ba, ba zan ɓoye maka ba.

Jiya bayan an sauko Juma'a Malam Abdurrahim ya yi sallama da kansa. Ya ce an zaɓe ta, ita da wata yarinya. Ya ce yara uku ne suka haɗa irin wannan inji, duka sun juya, amma da aka tambayi sauran me ya sa ake kankare rabi, sai suka ce haka aka rubuta a littafi. Mahbuba kuwa ta ce a ba ta waya da reza ta nuna masu abin da ke faruwa in an kankare duka, ta kwatanta masu rawar da zoben ke yi da dalilinta, har wani malami ya tashi tsaye. Da aka tambaye ta ina ta san wannan, ta ce kakanta ne ya nuna mata, tsohon malamin aikin hannu ne. Malam Abdurrahim ya kama hannuna da hannu biyu yana ta godiya, wai irinmu ne ƙasar nan ta rasa. Ban san inda zan sa fuskata ba. Ita kuma tana bakin ƙofa da kofin ruwa, ta sunkuyar da kai kamar ba ita ba. Da ya tafi ta ce Tsoho, ka ji an ce irinku aka rasa, Allah Ya sa kada a samo. Da na ji ta ce Tsoho sai da na nemi tabarau na goge, ko da yake ba abin da ya same shi. Maganar kwana ɗayan nan da na yi shiru kuwa ba ta sake ɗago ta ba, ni ma ban iya ba. Yanzu ban san ko ɓarna na yi mata ko taimako ba. Malamin ya ce taimako, ni na san abin da na sani.

Ga fom ɗin makarantar kwanan da malamin ya kawo, na naɗe shi a cikin takardar. Sa hannun uba suke so, kuma ya dawo kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba yarinyar da ta zo ta uku gurbin. Ka ce abin da na ce shi za a yi. To, na ce ta tafi. Kada ka tambaye ni ta waya ko na tabbata, domin ita za ta riƙe wayar, kuma in ta ji muryata ta yi rauni cewa za ta yi ta fasa, na san halinta. Kada kuma ka ciro wani yaro daga makaranta ka turo mani a madadinta. Bushira matar maƙwabcina ta ce tuwon da take yi ba zai gaza kwano ɗaya ba, maganin ma za ta riƙa tsaya mani a kai, kuma muryarta ko mataccen kunnena yana jin ta. Maganar in dawo wajenku kuwa a bar ta, ruwanku zai ƙarasa gwiwoyina. Mahbuba ta ce injin ni za ta bar wa, sai dai in riƙa zare zoben in na gama kallo don kada batir ya ƙare, kuma rezar da ita za ta tafi.

Ka gai da Shafa'atu da kyau, ka ce mata ta haifi ɗiya, kuma ta yi mata tarbiyya. Ka gai da Nusaiba da Sharhabilu, ka ce kakansu na sa masu albarka, su dage da karatu. Ka gai da mai gidan da kuke haya da limamin masallacinku. Gwaggonka Ramlat da Umar Faruk suna gaishe ku, Bushira da maigidanta ma haka. Mahbuba na gaishe ku, ita a saninta labarin damina nake rubuta maka, kuma abin da na faɗa maka a kan zuciyata ya tsaya tsakanina da kai.

Haliru zai juyo bayan kwana huɗu da isarsa. Kada ka bari ya taso ba tare da fom ɗin ba, kuma ka ce masa ya kai shi makaranta kai tsaye, hannun Malam Abdurrahim. Kada ya biyo da shi ta gidan nan. Yau na ce ta tafi, kuma da zuciya ɗaya na faɗa, amma na riga na ga abin da nake iya yi in aka bar ni ni kaɗai da abu a tsakar gida.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Yusha'u Maude.